Jordison, Silveria, Cunningham, Otto Ko Dolmayan: Wa Mai Koyon Ganguna Zai Fara Bi?

Wani ƙanena da ya fara zama bayan ganguna bara ya same ni da tambaya. Ya ce, "Yaya, so nake in ɗauki makaɗi ɗaya daga cikin na nu-metal, in ba shi shekara guda cur, in bi waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya har hannuna ya faɗa. Wa kake gani?" Ban kai ga buɗe baki ba ya ba kansa amsa: Joey Jordison, makaɗin ƙungiyar Slipknot. Ban yi mamaki ba. Duk matashin da ya taɓa kallon bidiyon wasan Slipknot na Landan a 2002, inda dandamalin gangunan ya ɗaga sama ya karkace yana juyawa, mutumin kuma yana ɗaure a kujerarsa bai fasa kiɗa ba, sunan da zai fara zuwa bakinsa ke nan. Na ce masa ya ja kujera, domin maganar tana da tsawo, kuma shekara guda ta fi ƙarfin a sayar da ita a kan sha'awar ido.

Nu-metal salo ne da ya tsiro a Amurka, musamman jihar Kalifoniya, a farkon shekarun 1990, ya yi tashe sosai tsakanin 1998 da 2003. An ɗauko jitar metal mai nauyi (metal wani reshe ne na kiɗan rok mai tsananin ƙara), aka sassauta tsirkiyoyinta har sautin ya yi kauri ya koma ƙasa, aka haɗa da takun hip-hop da na fank. Doguwar gwanintar nan da mai jita kan tsaya ya nuna shi kaɗai a tsohon metal, yawancin waɗannan ƙungiyoyi sun ajiye ta. Da aka cire ta sai nauyin waƙa ya koma kan taku, taku kuwa a hannun makaɗi yake. Shi ya sa a wannan salo za ka iya gane ƙungiya daga gangunanta tun mawaƙin bai furta komai ba.

Domin mu fahimci juna: gangar ƙafa ita ce babbar da ake takawa da feda. Gangar tsakiya ita ce ƙaramar mai wayoyi a gindi, mai ƙara irin ta 'yan fareti. Gangunan gefe su ne waɗanda ake zagayawa a kansu in za a yi wa kiɗa ado. Sai fayafayen tagulla, ciki har da tagwayen nan da ake buɗewa a rufe da ƙafar hagu.

Tushen abin shi ne David Silveria na ƙungiyar Korn, wadda 'yan garin Bakersfield suka kafa a 1993. Kundinsu na farko ya fito a 1994, kuma sautin farko da kunne ke ji a cikinsa, a waƙar "Blind", na Silveria ne: sanda a kan faifan tagulla, ƙil-ƙil-ƙil, kafin jita ta shigo. Mutane da yawa suna lissafa wannan kundi a matsayin mafarin salon baki ɗaya. Matsalar da Silveria ya tarar ita ce ta sarari. Masu jitar Korn biyu suna amfani da jita mai tsirkiya bakwai da aka saukar ƙasa ƙwarai, mai jitar bes ɗinsu (jitar mai kaurin sauti), Fieldy, yana marin tsirkiya har tana ƙas-ƙas kamar wata ƙaramar ganga. Ƙasan sauti ya cika maƙil. Sai Silveria ya ɗaure fatar gangar tsakiyarsa tam, ta koma tana fitar da siririyar ƙara mai tsini da ke huda duk wannan kaurin. Wannan dabara ta ɗaure ganga ta yi sama, ƙungiyoyi bila adadin sun kwafe ta daga baya.

Abin da mai koyo zai samu a wurinsa shi ne zance tsakanin gangar ƙafa da jitar bes. Ba ya yawan dira ƙafa a inda kunne ke tsammani. Yakan jinkirta kaɗan, ko ya riga, ya bar rami sannan ya cike shi da ɗan bugu a tagwayen faifai. Kundi na biyu, "Life Is Peachy" na 1996, shi ne inda hannunsa ya fi sakewa. A "Got the Life" ta 1998 kuwa ya ɗauko takun disko tsantsa ya dasa a ƙarƙashin jita mai nauyi, abin ya zauna daram. Rauninsa a wajen mai nazari shi ne gajartar zamanin. Daga kundin "Issues" na 1999 kiɗansa ya fara yin sauƙi, a 2000 ciwon wuyan hannu ya zaunar da shi har Mike Bordin na Faith No More ya riƙe masa a yawon wasanni, a ƙarshen 2006 kuma ya bar ƙungiyar. Wanda ya zaɓe shi, kundi uku na farko ne makarantarsa.

Yanzu Jordison. Ba zan rage masa komai ba, domin a fagen ƙarfi da sauri babu na biyunsa a cikin waɗannan biyar. An haife shi a 1975 a Des Moines ta jihar Iowa, shi ne mai lamba 1 a cikin mutum tara na Slipknot, waɗanda kowannensu ke da lambarsa da abin rufe fuskarsa. Abin da ya shigo da shi nu-metal daga wani gida ya ɗauko shi, gidan metal mafi tsanani, inda ake taka gangar ƙafa da ƙafa biyu kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, hannu da ƙafa kuma suna musayar bugu cikin saurin da kunne ba ya iya ƙirgawa. Kafin kundin Slipknot na 1999 irin wannan kiɗa na 'yan tsiraru ne. Shi ya kai shi gidajen rediyo da manyan filaye. Kundin "Iowa" na 2001, duk da tsananinsa, ya hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin Birtaniya, na uku a Amurka.

Akwai abin da masu kallon saurinsa kan manta. Jordison marubucin waƙa ne, ya iya jita har ya riƙe ta a wata ƙungiyar tasa mai suna Murderdolls. Saboda haka gangunansa suna bin layin jitar sau da ƙafa, kowane ado yana da dalilinsa a cikin waƙar. Saurari "Eyeless" ko "Disasterpiece" ka lura da yadda yake sauya taku daidai inda jitar ta juya. Sannan ba shi kaɗai ke duka a dandamali ba, akwai mutum biyu a gefe masu manyan ganguna da durom-durom na ƙarfe, don haka dole ya san inda zai bar musu fili. Ƙwarewarsa ta fito fili a 2004 a bikin Download na Ingila, ranar da rashin lafiya ta hana Lars Ulrich, makaɗin ƙungiyar Metallica, hawa dandamali da su. Dave Lombardo na Slayer ya buɗe da waƙa biyu, Jordison ya ɗauki mafi yawan sauran, da abin rufe fuskarsa. A 2010 masu karanta mujallar Rhythm suka zaɓe shi gwarzon makaɗi na shekara 25 da suka gabata. Ya rabu da Slipknot a Disamba 2013, daga baya ya bayyana cewa wata cuta mai kumbura laka ce ta kama shi har ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Ya rasu ranar 26 ga Yuli 2021 yana da shekara 46.

To me ya sa ban ce wa ƙanena ya fara da shi ba? Dalili na farko na aljihu ne. Babu yadda za ka bi waƙoƙin Jordison ba tare da feda biyu ba, yawancin gangunan da mai koyo ke samu kuwa da feda ɗaya suke zuwa, ta biyun sai ka saya daban, mai arha kuma takan yi nauyi ta ɓata maka ƙafa. Na biyu na jiki ne. Sauri irin nasa ana gina shi ne a hankali, wata da watanni, da na'urar ƙirga lokaci, wato mai ƙas-ƙas ɗin da ke riƙe wa makaɗi taku, ana ƙara kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi tsalle ya faɗa kai, abin da zai koya shi ne ɗaure kafaɗa da cije haƙori, ya riƙa gudu yana barin lokaci a baya. Na ga samari da dama da ƙafarsu ke zuba kamar inji amma in ka ce su riƙe taku mai sauƙi na minti uku sai ya riƙa tangaɗi. Na uku, wannan hannu a gida ɗaya yake aiki. In gobe aka kira ka wasa da masu kiɗan rege ko afrobit ko wani abu mai sanyi, kaɗan daga abin da ka haddace ne zai yi maka rana.

Wanda zuciyata ta fi kwanciya da shi shi ne Abe Cunningham na Deftones, 'yan Sacramento da suka haɗu tun 1988. Su kansu Deftones ba su taɓa son a jingina su da sunan nu-metal ba, amma kundinsu na 1995 da na 1997 suna cikin ginshiƙan salon, ko sun so ko sun ƙi. Cunningham mutum ne da ya san darajar shiru. Waƙar "My Own Summer" da bugu biyu kacal ta buɗe, amma duk wanda ya san ta, daga waɗannan biyun yake gane ta. Waƙar "Around the Fur" kuwa da gangunansa su kaɗai ta fara, taku mai gardama da ke sa mutum gyaɗa kai tun bai san inda aka dosa ba.

Inda nake so mai koyo ya tare shi ne "Digital Bath", a kundin "White Pony" na shekarar 2000. Waƙa ce mai tafiya a hankali. Tsakanin kowane babban bugu na gangar tsakiya akwai ƙananan bugu da hannun hagu ke sakawa, waɗanda nake kira bugun raɗa: sanda ba ta ɗaga sama da faɗin yatsa biyu, da ƙyar ake jin su, amma in ka cire su takun ya mutu murus. A ido abin kamar wasa. Zauna ka gwada, za ka tarar hannun hagunka bai san bambancin raɗa da tsawa ba, komai da ƙarfi ɗaya yake dukansa. Koyon wannan bambanci, wato iko da nauyin hannu, shi ne abin da ke raba makaɗi da mai dukan fata. Cunningham kuma yana iya tsawar in lokacinta ya yi. A kundin nan dai akwai "Elite", mai zafi daga farko har ƙarshe, wadda ta ci musu kyautar Grammy a 2001. Ga wata fa'ida da babu ita a wajen Silveria ko Jordison: har yau yana kan kujerarsa a ƙungiyar. Mai nazari zai iya bin sa daga ƙuruciya zuwa manyanta, ta kundin "Diamond Eyes" na 2010 da "Koi No Yokan" na 2012 da "Ohms" na 2020, ya ga yadda makaɗi ke rage bugu yana ƙara ma'ana. Waƙoƙin da na ambata na farko duk feda ɗaya ta ishe su.

John Otto na Limp Bizkit shi ne wanda aka fi zalunta a cikinsu. Surutun da ya dabaibaye mawaƙin ƙungiyar, Fred Durst, ya sa mutane da yawa ba su tsaya sun saurari abin da ke faruwa a baya ba. Otto ya karanci kiɗan jaz a makarantar fasaha ta Douglas Anderson da ke Jacksonville a jihar Florida, kuma ana jin wannan tarbiyya a sassaucin wuyan hannunsa. Aikinsa shi ne ya buga da hannu abin da masu hip-hop ke haɗawa da na'ura, ya kuma sa masa numfashin ɗan Adam. A ƙungiyar akwai DJ Lethal, tsohon ɗan House of Pain, don haka dole takun Otto ya zauna daidai da faifan da ake murzawa ba tare da ya bushe ba. "Re-Arranged" ta 1999 ita ce darasin: shi da mai bes Sam Rivers sun kama taku ɗaya sun riƙe shi tsawon waƙar, ba gaggawa, ba nuna isa. Kundinsu na 2000 ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya a makon farko a Amurka, wato dubban yaran da suka fara ganguna a lokacin da takun Otto suka buɗe kunne, ko da ba su san sunansa ba. In kai mai haɗa kiɗa ne a kwamfuta, ka saba da jera bugu a kan allo, yanzu kana so ka koma kan ganguna na gaske, Otto ne gadarka. Tsakaninsa da Cunningham tazarar kaɗan ce. Na fifita Cunningham ne don launukansa sun fi yawa, daga sanyi ƙalau har zuwa wuta.

John Dolmayan na System of a Down daban yake. An haife shi a Bairut cikin iyalin Armeniyawa, yaƙin basasar Labanan ya fitar da su, daga baya suka zauna a Kalifoniya. Ya shiga ƙungiyar a 1997. Waƙoƙinsu kamar mota ce da ke gudu sannan ta taka birki ta juya ba sigina: sashe mai saurin fank-rok na daƙiƙa goma, sai sanyi, sai wani taku mai ƙamshin kiɗan Gabas ta Tsakiya. Makaɗin da zai riƙe wannan dole ya zama mai tsafta, kowane bugu a muhallinsa. Waƙar "Toxicity", wadda kundinta ya fito a Satumba 2001 ya hau matsayi na ɗaya a Amurka, tana tafiya ne a kan ƙirgen shida-shida kafin ta koma huɗu-huɗu can gaba. A nan kunnen da ya tashi da jin kalangu yana da riba, domin taku mai rabuwa uku-uku ba baƙo ba ne a wurinmu, alhali yaran da suka tashi da rok zalla sukan sha wahala kafin ya zauna musu. Dolmayan zai koya maka sauya taku ba tare da ka yi tuntuɓe ba, da zagaya gangunan gefe da bugu ɗai-ɗai masu tsabta. Sai dai kundin ƙungiyar biyar ne kawai, na ƙarshe a 2005, kuma tsarin waƙoƙin nasu ne su kaɗai, da wuya ka ɗauke shi ka kai wani wuri.

Akwai wasu da suka cancanci a ambata. Rob Bourdon na Linkin Park ya nuna yadda ake zama daidai da sautukan na'ura ba tare da kuskure ba, kuma waƙoƙin "Hybrid Theory" na 2000 suna da sauƙin shiga ga wanda bai fi wata uku da farawa ba. Matt McDonough na Mudvayne na masu son lissafi ne, ƙirge-ƙirgen da ba su cika huɗu ba. Morgan Rose na Sevendust yana duka yana waƙa a lokaci guda. Igor Cavalera na Sepultura, a kundin "Roots" na 1996, ya shigo da gangunan gargajiyar Brazil, har ƙungiyar ta je ta naɗi kiɗa tare da ƙabilar Xavante.

Wani abu da ya kamata mai kwatanta su ya sani: sautin da kake ji a kundi ba na makaɗi ne shi kaɗai ba. Furodusa Ross Robinson ne ya naɗi kundin Korn biyu na farko, da na farkon Limp Bizkit, da na Slipknot na 1999, duk a situdiyon Indigo Ranch da ke Malibu, kuma shi mai son ɗanyen sauti ne, wanda ake jin gumi a cikinsa. Terry Date ne ya yi aikin kundin Deftones na farko-farko da na Limp Bizkit na 1999 da 2000, shi kuma gangunansa fes suke fita, kowane bugun raɗa a bayyane. Rick Rubin ya yi na System of a Down. Ga mai koyo da kunne wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da Date ya naɗa ya fi sauƙin tsinta, domin kana jin komai. A kundin Slipknot na farko kuwa sai ka yi ta maimaitawa kafin ka raba bugun Jordison da na masu durom.

Ba zan ɓoye ba, kalmomin yawancin waƙoƙin nan cike suke da ashar da ɗacin rai, musamman na Slipknot da Korn da Limp Bizkit. Wanda abin ya dame shi, a YouTube akwai waƙoƙi da yawa da aka ware gangunan su kaɗai, akwai kuma maɓallin rage sauri zuwa kashi 75 ko 50 cikin ɗari. Ga mai nazari ma wannan ya fi amfani.

To ga yadda na yanke wa ƙanena. In feda ɗaya gare ka, kuma burinka ka zama makaɗin da kowace ƙungiya za ta so ta zauna da shi, ɗauki Cunningham. In daga hip-hop ka fito, ɗauki Otto. In so kake ka gane nu-metal kansa, yadda aka ƙera shi, ko kuma kana da aboki mai jitar bes da za ku riƙa atisaye tare, Silveria ne naka, ku bi kundi ukun nan ku biyu. In ka riga ka yi shekara biyu ko uku, takunka ya zauna, kana neman abin da zai wasa maka kai, Dolmayan. Jordison kuwa na wanda ya riga ya mallaki feda biyu ne, wanda zai iya riƙe taku mai sauƙi da na'urar ƙirga lokaci na minti biyar bai kauce ba, kuma ya tabbata metal mai tsanani ne gidan da zai zauna. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa kada ya saurari kowa, ya bi shi, babu malamin da ya fi shi a wannan fanni.

Ƙanena bai cika su ba tukuna, shi ma ya sani. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "To Yaya, in na yi shekarar da Cunningham, ta biyun fa?" Na ce ta biyun ta Jordison ce, in Allah ya kai mu, kuma kafin nan ya fara tara kuɗin feda mai kyau. Aikin makon farko da na ba shi kaɗan ne: ya sayi abin toshe kunne, domin ƙarar fayafayen tagulla a ƙaramin ɗaki tana cin ji a hankali kuma ba ya dawowa. Ya samu faifan roba na atisaye saboda dare da maƙwabta. Sannan ya sa "Digital Bath" a rabin sauri, ya bar ƙafa da hannun dama su huta, ya bi hannun hagu kaɗai, minti ashirin kullum, ya naɗi kansa a waya ranar Juma'a ya turo mini in ji.